Furen da Ba a Ci, da Itatuwan da Muke Ci

 

Jama'ar Sabo, kowa ya san Bahaushe da amfani yake sanin itace. Ɗauki ɗorawa: garinta a sha, kalwarta a yi daddawa, makubarta a yi daɓe. Kuka ganyenta miya, ɗiyanta a dama a zuba a nono, ɓawonta igiya. Gawo kuwa na akuya ne da tunkiya. Duk dattijon da ka tsayar a bakin kasuwa zai lissafa maka waɗannan ba tare da ya numfasa ba. Amma tambaye shi yaushe rabon da ya tsaya ƙarƙashin ɗorawa don kawai ya kalli furenta, sai ya dube ka kamar ka zautu. Ba aibi ba ne, haka muka tashi. Wanda ke neman na tuwo ba ya rufe shago ya tafi kallon fure.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne akwai shawara biyu a gabana yanzu, ɗaya a gida Zadawa, ɗaya a nan layinmu, duka kuma a kan sare itace suke. Akwai wani abu da na gani a ƙasar mutane wanda nake ganin ya shafi duka biyun, shi ya sa na ce bari in rubuta kafin a zauna taro.

A shekarar 2019 Allah ya kai ni Amurka. Ƙanena ya fi shekara ashirin yana tuƙa tasi a New York, a wata shiyya da ake kira Bronx, inda 'yan Afirka ta Yamma suke da yawa: 'yan zangon Gana, mutanen Nijar, na Gini, na Gambiya. Suna da ɗan masallacinsu, suka nemi wanda zai taya su tarawi da karatu da Hausa. Na sauka cikin Sha'aban. A ƙarshen Afrilu, ana saura kwana kaɗan a ɗauki azumi, sai 'yar ƙanen nawa, yarinya 'yar sakandare, ta ce, "Baffa, gobe za mu kai ka ka ga furen Japanawa." Na ce, "Fure kuma? Na miya ne?" Uban ya yi dariya ya ce, "Yaya, ka dai shirya, gani ya kori ji."

Muka shiga jirgin ƙasa mai lamba 2, wanda ke ratsa ƙarƙashin birni, muka fi awa ɗaya kafin mu fito a Brooklyn. Lambun na nazarin tsirrai ne, an kafa shi tun 1910, faɗinsa eka 52. Bikin sunansa Sakura Matsuri, wato bikin furen sakura da harshen Japan. Layin shiga kuwa, wallahi sai ka ce ana rabon taki. Da aka faɗi kuɗin tikiti na juya shi zuwa naira a zuci, sai da na yi salati.

Da muka shiga, sai ga wani dogon fili mai ciyawa, itatuwa sahu-sahu a gefe da gefe. Tsayinsu bai kai na babban mangwaro ba, amma fure ya rufe su ruf, ruwan hoda, ko reshe da ƙyar kake gani. In iska ta kaɗa sai furen ya riƙa zubowa a kan mutane kamar ƙaiƙayi ranar shiƙa. Lambun yana da irin waɗannan itatuwa fiye da 200. Jama'a sun zazzauna a ƙasa, tsoho da jikansa, mai keken guragu, mai goyo, kowa ya ɗaga kai sama. Ba wanda ke tsinka, ba yaron da ke jifa, ba wanda ya hau.

Can gefe an kafa dandamali ana kiɗan wasu manyan ganguna da suke kira taiko. Makaɗan maza da mata ne, kowa da gulma biyu, suna dukan ganga da dukan ƙarfinsu har kana jin abin a ƙirjinka. Nan take na tuna tamburan fada a Azare lokacin sallah. A wani ɗaki kuma wata mata cikin doguwar rigarsu ta gargajiya tana haɗa shayi. Garin ganye ne kore shar, ta zuba ruwan zafi, ta kaɗa da wani ɗan maburgi na gora. Kofi ɗaya tak, amma lokacin da ta ɗauka ya isa mai shayin bakin tasharmu ya sallami mutum goma sha biyar har ya soya ƙwai. Ta goge cokali a hankali, ta juya kwano, ta sunkuya ta miƙa da hannu biyu. Na ga kuma itatuwan da suke kira bonsai, waɗanda ake renonsu cikin kasko ana datse su. Akwai wanda aka ce ya girme ni, amma tsayinsa bai wuce gwiwata ba. Sai samari da 'yan mata da suka yi shigar mutanen katun, wani da gashi shuɗi, wani da takobin kwali, kamar 'yan tashe. Wasu shigar tasu dai sai kawar da kai.

Ni ɗan kasuwa ne, dole in yi tambayar ɗan kasuwa. Na ce wa yarinyar, "To in furen ya zube, me ake ci a jikinta?" Ta ce, "Babu, Baffa." Gaskiyarta. Wannan iri ba ya ba da ɗiyan da ake kaiwa kasuwa. Iyaka Japanawa kan jiƙa furen da gishiri su sa a ruwan zafi su sha a ranar biki, ganyen kuma su naɗe wani tuwon shinkafa mai zaƙi da shi. Furen kansa mako ɗaya ne zuwa biyu, shi ke nan sai baɗi. Shekara guda ana ban ruwa, ana datsa, ana biyan ma'aikata, saboda kwana goma na kallo.

Da na dawo, wasu samarin da ke karatu a wurina sun ga hotunan a waya, suka tambaye ni, cikin ladabi dai, ko ya dace liman ya je irin wannan wuri. Tambaya ce mai kyau, ga kuma amsata a fili don kowa ya ji. A cikin lambun akwai wani sashe da wani Bajapane mai suna Takeo Shiota ya tsara, aka buɗe shi a 1915. Akwai tafki da manyan kifaye masu launi, akwai wata jar ƙofa ta katako tsaye a cikin ruwa, a kan tudu kuma akwai ɗan ɗakin bauta irin na addininsu na Shinto. Na ga ƙofar, na wuce. Ɗakin ban hau wurinsa ba, ba ni da abin yi a can. Da azahar ta yi muka fita wani babban fili da ke maƙwabtaka da lambun, muka duba alƙibla a waya, muka yi sallarmu. Addininsu nasu ne. Itacen kuwa ba su suka halicce shi ba. Duk wanda ya yi ko da izu goma a Islamiyya ya san sau nawa Alƙur'ani ya ja hankalinmu ga ƙasar da ta mutu aka raya ta da ruwa, da tsiron da ke yin kore, ya yi fatsi-fatsi, ya bushe, a matsayin misalin rayuwar duniya. Furen da ke cika yau ya zube jibi wa'azi ne wanda ba ya bukatar lasifika. Mu aka umarta da wannan dubawa tun farko.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda mutanen nan suka ɗauki lissafin itacensu da gaske. A Japan hukumar kula da yanayi tana da itace na musamman a kowane babban gari. A Tokyo ma'aikaci kan je ya tsaya gaban itacen ya ƙirga, in ya ga fure biyar ko shida sun buɗe sai a sanar wa ƙasa cewa lokaci ya kama. Kun ga ai duban wata ke nan, irin namu. A tsohon birninsu na Kyoto, akwai rubuce-rubucen fada da na malamansu da suka ambaci ranar da fure ya cika, masana suka tattara su har suka koma baya fiye da shekara 1,200. Da wannan lissafi suka gane furen yana ƙara sammako saboda ɗumamar duniya da zafin birane. A 2021 ya cika ranar 26 ga Maris, wanda a lokacin ba a taɓa rubuta mai saurinsa ba. Mu nan muna cewa damina ta canja, zafi ya ƙaru, kuma gaskiya ne, amma in aka ce mu kawo shaida sai dai mu ce haka tsofaffi suka faɗa.

Akwai kuma labarin yadda itacen ya yaɗu a Amurka. A 1910 birnin Tokyo ya aika wa birnin Washington kyautar itatuwa 2,000, aka duba aka same su da ƙwari da cuta, aka ƙone su. Masu kyauta ba su yi fushi ba. A 1912 magajin garin Tokyo, Yukio Ozaki, ya sake aiko da 3,020 masu lafiya, aka dasa a bakin ruwa. Bayan haka ƙasashen biyu suka gwabza yaƙi mai muni. Da aka gama, itatuwan asali na bakin kogin Arakawa a Tokyo sun lalace, sai ga shi a 1952 an yanko rassa daga waɗanda ke Washington an mayar Japan don a farfaɗo da iyayensu. Wanda ya ba da kyautar bai san yana ajiya ba ne.

To mu koma gida. Wanda ya tashi a ƙasar Guddiri ya san ba mu rasa abin kallo ba. Ina yaro a Zadawa, a kan hanyar gonarmu akwai sansami. Cikin rani, bayan ya zubar da ganye kaf, sai ya fito da fure ruwan hoda tun daga sama har ƙasa. Wallahi da na tsaya a Brooklyn shi na fara tunawa, don kusan kamarsu ɗaya. Ɗorawa kan saki jajayen furanni masu lilo kamar tuntun hular dara, ƙudan zuma na ta kuka a kai da sassafe. Gurjiya ja wur, marga rawaya kamar an rataya zinariya. Kuka kuwa sai gab da damina take buɗe farin furenta da dare, jemagu su zo, kafin wata rana ya faɗo. Iyayenmu da waɗannan suke karanta shekara. In gawo ya fara zubar da ganye, shamuwa ta sauka, sai ka ji tsoho ya ce a gyara garma a fito da iri. Kalanda ce cikakkiya, ba a dai rubuta ta ba.

Yau sansamin nan babu shi. Na ga farin 1984 da idona, na ga yadda aka sassare rassa don dabbobi su rayu, wannan lalura ce, ba wanda zai zargi kowa. Abin da ke faruwa yanzu daban ne. Duk wanda ya je gida sallah ya bi hanyar Azare ya ga buhunan gawayi da kuratan itace jere a bakin titi suna jiran mota. Wani gawayin ma nan Kudu yake zuwa, da shi muke gasa tsire. Gwamnati ta sa Bauchi cikin jihohi 11 na shirin nan na katangar itatuwa don tare hamada, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Madalla. Sai dai gatari ya fi mai dashe sauri.

Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, ya bar mana gona da ɗorawa bakwai. Saura uku. Bara wani mai gawayi ya taya su, wasu daga cikin magada suka ce a sayar. Ban ga laifinsu ba. Su ke zaune a gida, su ke sayen taki, su ke biyan kuɗin makaranta, mu muna nan muna aika gaisuwa a waya. Mai ciki ɗaya da yunwa ba a yi masa wa'azin inuwa. Amma na ce musu mu yi lissafin kasuwa. Ɗorawa takan ɗauki shekaru kafin ta fara ɗiya, in ta fara kuma sai ta ci da kai, ta ci da ɗanka, ta ci da jikanka. Kuɗin gawayi kafin wata ya mutu sun ƙare. Wanda ya sayar da ita uwar kuɗi ya ci, kuma duk ɗan kasuwa ya san ƙarshen mai cin uwar kuɗi. Sannan akwai waɗanda ba a tambaya ba: matan gidan. Su ke tara kalwa, su ke dafa daddawa, da kuɗinta suke sayen sabulu da kayan ɗakin 'ya'ya. Ana cinikin jarinsu a zaure suna cikin gida ba su sani ba.

Shawarar da muka kawo, ni da ƙanena na Amurka, ita ce mu biya magada abin da mai gawayi ya taya, itatuwan su tsaya a inda suke a matsayin waƙafi, amfaninsu na matan gida. Biyu sun yarda. Ɗaya har yanzu yana cewa zai yi tunani, don mai gawayin ya ƙara masa. Muna nan muna lallashi, ku taya mu da addu'a. Na faɗi wannan ne don na san rabin mutanen unguwar nan suna da irin wannan gona a Katsina, ko Haɗeja, ko Gumel, ko Damagaram, kuma irin wannan waya za ta zo muku in ba ta riga ta zo ba.

Kada wani ya ce abin ba ya gyaruwa. Maƙwabtanmu na Nijar, wajen Maraɗi da Damagaram, tun cikin shekarun 1980 suka koma abin da suke kira sassaben zamani. In kututture ya tofo a gona ba a ƙone shi, sai a zaɓi tofo ɗaya ko biyu masu ƙarfi a bar su, a datse saura. Ba rijiya, ba kuɗin dashe, saiwar tana nan a ƙasa tun da. Da wannan dabara gonaki masu faɗin gaske suka sake cika da gawo, kuma manomi ya san geron da ke ƙarƙashin gawo ya fi na fili kyau, tunda da damina ba shi da ganyen da zai tare rana. Ƙasarsu ta fi tamu bushewa. Hausawa ne irinmu.

Sai maganar layinmu. Kun san darbejiya uku da ke ƙofar ɗan masallacin da nake ja muku salla. An kawo shawara a sare biyu a gina shaguna biyu, kuɗin haya a riƙa sayen man janareta da biyan ladan da liman. Masu shawarar mutanen kirki ne, kuma masallacin yana da bukata, ni na fi kowa sani. Ku lura, ina cikin waɗanda za su ci wannan haya. Duk da haka ban goyi baya ba. Ku ƙirga masu shan inuwar nan a yini ɗaya. 'Yan Islamiyya da ɗakin karatu ba ya ɗaukarsu. Tsofaffin da ke jiran la'asar. Mai yankan farce da mai gyaran takalmi. Baƙon da ya sauko daga motar shanu bai san kowa ba, nan yake fara ajiye jakarsa. In an yi rasuwa nan ake sallar gawa, in an yi aure nan ake ɗaurawa. Ranar da aka sare su za mu koma hayar rumfa, kuma rumfar kwano da rana tsaka kun san yadda take. Akwai wuri ta gefen bandaki da zai ɗauki shago ɗaya ba a taɓa ko reshe ba. Hayar shago ɗaya da ɗan abin da ake tarawa ranar Juma'a za su riƙe janareta. Na liman kuwa, ina da shagona.

Na daɗe ina tunanin me ya sa sare itace ke mana sauƙi a zango. Ina ganin don har yanzu muna ɗaukar kanmu baƙi ne. An kafa Sabo tun 1916. Fiye da shekara ɗari ke nan. Akwai waɗanda kakanninsu a nan aka binne su, amma in ka ce su dasa itace sai su ce ai gida za mu koma. A gida kuma in ka ce a dasa sai a ce ai ku ba ku nan. Mun zama masu gida biyu da ba su da inuwa ko ɗaya. Wanda ya dasa darbejiyar nan tamu shi ma baƙo ne, ba wanda ya riƙe sunansa, amma shekara nawa muna sha. Hadisi ingantacce ya nuna mai dashe yana da ladan sadaka a duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga dashensa. Wannan mutumin yana kwance ana rubuta masa, mu kuma muna shawarar rufe masa littafi.

Abin da nake roƙo guda uku ne. Na farko, ranar taro kowa ya zo, har da masu sana'a a ƙarƙashin itatuwan, a kuma ji ta bakin iyaye mata da 'ya'yansu ke karatu a wurin. In jama'a suka rinjayi ra'ayina zan bi, amma a yanke da sanin kowa. Na biyu, duk mai zuwa gida bana ya cire kuɗin dashe biyar daga kuɗin tsaraba, ɗorawa ko tsamiya ko gawo, ya sa a kewaye su da ƙaya, ya kuma yi alkawari da wani yaro a kan ban ruwa, don dashen da ba a killace ba abincin akuya ne. Na uku, malaman Islamiyya su ɗauki yara ko sau ɗaya a shekara su kai su lambun Agodi da ke nan kusa da mu, ko lambun tsirrai na Jami'ar Badun. Yaran da aka haifa a nan da yawa sun san daddawa a miya, ba su taɓa ganin uwarta ba.

Ni kuma na saya wa limamin unguwarmu ta Zadawa littafi mai bango mai ƙarfi, na roƙe shi ya riƙa rubuta abu uku kowace shekara da kwanan wata: ranar da ɗorawa ta fara fure, ranar da aka ga shamuwa, da ranar ruwan shuka. Ya yi dariya ya ce, "Malam, wa zai karanta?" Na ce jikokinsa. Mutanen Kyoto ma da layi ɗaya suka fara.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ji ƙan waɗanda suka dasa muka sha inuwa, ya sa mu bar wa na baya abin da za su yi mana addu'a a kai.